Ɗinkin Bahago

Ruwa ya tsuge a Dilimi ranar Talata,
ina jan kayana ciki, sai ga yaro,
riga sharkaf, wani abu a hammata
naɗe cikin tsohon ɗankwali.
Ya ce shi Tanimu ne, daga Gangare,
an ce masa in abu ya tsufa, a kai wa Baba Tsalha.

Ya warware. Ƙahon albarushi.

"Na kakana ne," in ji shi, "maharbi.
Duwatsun Shere sun san takunsa.
An ce ƙahon ɓauna ne, ya girmi Turawan kuza.
Nawa zai yi? Kuɗin makaranta ya ƙi cika."

Na sa tabarau. Wannan aiki ba ya son gaggawa.
Na auna a tafin hannu: ba nauyi,
shekaru sun shanye ruwan jikinsa.
Na ƙwanƙwasa da farce, na kasa kunne.
Na zare toshiya, na sansana:
ƙaurin albarushi na nan, na gaske,
ba dakakken gawayi da ake zuba wa baƙo ba.
Gefen da ke gogar kwiɓi ya yi sulɓi,
sulɓin da yashi da man gyaɗa ba sa bayarwa,
sai gumi, sai doguwar tafiya.

Sannan na juyo da shi wajen ɗinki.

Uku a jere, ɗaya a karkace,
ƙulli ya ɓuya ƙarƙashin fata.
Ɗinkin bahago.
Duk Naraguta mutum ɗaya ya iya wannan ƙulli,
ga hannunsa nan yana rawa a kan ƙahon.

Shekara arba'in da 'yan kai.
Ƙahon sa ne, daga mayanka, sule biyar.
Na jiƙa shi da bagaruwa,
na rataye a madafin gyatumata
wata uku yana shan hayaƙin tuwo,
na binne shi kwana bakwai don gara ta ɗan lasa.
Goma sha biyu na yi, don baƙi masu kyamara.
Sha ɗaya sun haye teku
da sunayen jaruman da ba a taɓa haifa ba.
Na ƙarshen, wani dogo mai adaka ya ɗauka.
Bai nemi tarihi ba.
Ya hura, ya ji ba ya yoyo, ya biya, ya wuce.

Ni na shafa masa tsufan ƙarya,
dogon nan ya tafi ya ba shi na gaskiya.
Rema nawa, gada nawa,
damina nawa a kan dutse, albarushi bai jiƙe ba?
To, wane ma'auni zan ɗora wannan a kai?

Na ce, "Yaro, sa ne, ba ɓauna ba.
Bai ga zuwan Turawa ba, ko tafiyarsu bai gani ba.
Amma ya yi farauta, wannan na rantse maka.
A kasuwa, dubu takwas.
In ka yarda na ƙara masa labari, dubu tamanin,
sai dai na daina wannan sana'a."

Ya yi shiru, yana shafa sulɓin da babban yatsa.
"Albarka," in ji shi, can ƙasa,
kamar ba da ni yake ba.

Zai naɗe, na ga maratayin ya saki.
Na ce, "Kawo, kada ya faɗi a hanya."
Na ɗauko basilla da hannun hagu,
ido ya tsufa, yatsu ba su manta ba:
uku a jere, ɗaya a karkace,
ƙulli ya shige ƙarƙashin fata.

Ya dubi sabon ɗinki, ya dubi tsoho.
Ya dube ni.

Ruwa na ta dukan kwano.
Na ce ya zauna ya sha shayi, sai an ɗauke.