Ƙugiya

Ƙas.
Malam Gide bai ji ba,
bakinsa a buɗe, idonsa na kan silin.
Ni yatsuna suka ji kafin kunnena.

Na zaro allurar, ta rage tsawo.
Kanta, bai kai ƙwayar gero ba,
ya maƙale can gindin turmi
inda hanyar jijiya ta lanƙwashe.

A makaranta an ce mana:
ka ciro, ko ka ratse ta gefe,
in ya ƙi ka bar shi ka toshe.
Ba wanda ya faɗi yadda gumi ke bin gadon baya
da azahar ɗin Daura, fanka na juyi da ƙyar.

Sai na tuna Iya Dela
ranar da guga ya tsinke a rijiyar gidanmu.
Ta aika aron ƙugiya,
ta ɗauko madubi ta tura rana cikin ramin.
"Gani kafin ja," in ji ta,
"mai gaggawa shi ke rufta bakin rijiya."

Na ajiye kaya.
"Malam, ƙarfe ya karye a ciki."
Ya kurkure baki, ya tofar, ya dube ni.
"Likita, ni bakanike ne.
Noti nawa ya karye mini a inji?
Ɗauki hoto tukuna."

Hoto ya fito: farin ɗigo, can ƙasa.
Na ƙara haske,
na goge ɗan madubina,
na sunkuya bakin rijiya.