Ƙidaya a Bakin Hanyar Kwanni

Meri ta ba ni takarda da biro,
jika biyu a wuni, da kujerar roba mai ƙafa ɗaya a ɗaure.
Aka ce, Ilasu, zauna ƙarƙashin bedin nan,
duk abin da ya gifta bisa taya, ka ja masa layi.

Bayana fili ne, ƙaya da baƙar leda.
Nan Hajiya Tsahara ke son kafa kasuwar dashe:
mangwaron aure, lemun tsami, gwaiba,
da furanni na masu gidan siminti.
Ba a haƙa rami ko ɗaya ba tukuna,
amma an aiko ni in auna cunkoson da za ta jawo.

Takardar gida huɗu gare ta:
mota, moto, kamiyo, amalanke.
Litinin da hantsi gidan moto ya cika,
na juya baya na ci gaba.
Kamiyon albasa daga Tamaske ya wuce yana nishi,
ya bar mini warinsa har azahar.
Layi ɗaya na ja masa.
Yaron da ya bi shi a keke, shi ma layi ɗaya,
ko da yake ban san gidan da zan sa shi ba.

Awakin Garkawa sun tsallaka sau bakwai.
Ba su da taya.
’Yan lakwal sun tsaya tsakiyar kwalta
suna jiran ƙaramarsu ta ɗauko takalminta,
motoci shida suka yi cirko-cirko.
Na rubuta shida. Ban rubuta takalmin ba.

Ranar Laraba injiniya Mahamman Lawali ya zo
da hular kano da na’ura a hammata.
Ya ce, kowane mai saye tafiya biyu ce, zuwa da komawa.
Ya ce, amalanken taki daidai yake da mota uku
saboda jaki ba ya sauri.
Na ce, ranka ya daɗe, jakin Bawa Gurgu fa,
wanda in ya ga inuwa sai ya tsaya?
Bai yi dariya ba. Ya ƙara rabi.

Ya tara, ya raba da kwanakin shekara,
ya ce mota ɗari da arba’in za su ƙaru a wuni,
hanya za ta ɗauka.
Na yi shiru, amma a Tawa aka yanke mini cibiya.
Wa ke sayen dashe a watan bazara?
Bari ruwan farko ya sauka da dare,
ƙasa ta yi ƙamshi, ya kasance Lahadi ce, ranar kasuwa.
Ran nan kowa zai tuna yana son inuwa a ƙofar gida.
Ran nan za a zo gaba ɗaya,
wanda zai sayi ɗaya ya yi ciniki na awa guda,
motonsa a gicciye bakin kwalta,
tankar ruwa tana neman kwana, ba wuri.
Shekara ba ta rabuwa daidai kamar goro a wurin suna.

Na faɗa masa ranar Asabar, da ƙyar.
Ya duba ƙofar da aka zana a taswira,
ya ciji biro, ya daɗe,
sannan ya matsar da ita zuwa lungun baya, taku sittin,
ya bar fili na ajiye ababen hawa.
Sunana bai shiga rahoto ba. Lambobina sun shiga.

Da yamma na miƙa takardu, na karɓi kuɗina.
Matata Sahiya ta riga ta ce
in an buɗe, lemun tsami take so, guda biyu.
Zan ɗauko su a bayan moto, ganye na dukan ƙeyata,
in wuce ta gaban bedin nan.
In akwai wani zaune a kujerar,
zan rage gudu, ya samu ya ja mini layi.