Hancin Mai Burodi

Ƙarfe ukun dare a Miragaia
ba agogo ke tashe ni ba.
Wani siririn fito ne daga ƙirjin Amâncio,
kamar iska ta sami ƙofar da ba a ja da kyau ba.
Nakan yi lamo in ƙirga.
Shigar numfashin da sauƙi,
wajen fita ake ciniki.

Shekara talatin yana cuɗa fulawa,
ashe ita ma tana cuɗa shi.
Da atishawa ta yi sallama,
ido ja, hanci na zuba,
muka ce mura ce, raɓar kogin Douro ce.
Murar da ke hutun Lahadi
ta koma aiki tare da shi ran Litinin,
wa ya taɓa ganin irinta?

Yana yaro bai san fuka ba.
Sai da furfura ta fito masa a saje
ta iso, da 'yan rakiyarta.
Ƙwannafi ya kama ɗaki a maƙogwaro,
in ya ci da nauyi da dare, tari har asuba.
Minshari ya zo, mai yankewa a tsakiya,
in zungure shi da gwiwar hannu,
in ce: kai, dawo.
Ƙwayoyin da suka buɗe masa ƙirji a sanyin bara
sun bar masa tumbi da sukari a jini.
Asfirin guda, don ciwon kai kawai,
ta kai mu asibiti cikin jiniya,
leɓɓansa kamar an shafa toka.

Likita Filomena ta miƙa masa bututu:
hura, hura, kar ka tsaya!
Mutumin da ke saɓa buhu biyu a kafaɗa
ya kasa tura layi ɗaya a takarda.
Ta leƙa hancinsa da 'yar fitila,
ta ce tsiro ne, kamar inabin da aka ɓare.
Yaushe rabonka da jin ƙamshi?
Ya dubi takalminsa.
Ni da ke kwana gefensa, sai ranar na ji:
shekara huɗu.

Shekara huɗu unguwa na farkawa da ƙamshinsa,
shi yana ƙwanƙwasa gindin burodi da yatsa,
ya kasa kunne,
kamar mai sallama a gidan da aka tashi.
Na tuna ranar da burodin masara ya ƙone,
na yi ta faɗa, bai ce uffan ba.
Wannan faɗan nake so a maido mini.

Yanzu Telmo, ɗan ƙanwarsa, ke cuɗi.
Amâncio na gaban kanti, nesa da gari,
yana ba da canji, yana gardamar ƙwallo.
Abin shaƙa safe da yamma, sannan ya kurkure baki.
Shuɗin, na ko-ta-kwana, yana aljihu,
wani a jakata,
wani bayan hoton uwarsa.
Daren bikin São João,
da hayaƙin gashin kifi ya cika lungu,
muka rufe taga, muka kalli wasan wuta ta gilashi.
Ya ce ba komai.
Hannunsa na kan aljihu.

Tsoro ma ciwo ne, in ji likita.
Yana matse ƙirji, ƙirji na ƙara masa ƙarfi,
ba a san wa ya fara tsokana ba.

Da asuba nakan sauka tare da shi.
In Telmo ya buɗe tanderu
sai ya juyo: Ermelinda, yaya?
In ja iska, doguwa, wadda ba ta taɓa yi mini rowa ba,
in ce: bai kai ba, saura minti biyu.
Ya gyaɗa kai kamar shi ya ji.

Jiya, wata biyu da yi masa aikin hanci,
ya ja birki a bakin ƙofar girki,
ya ɗaga kai,
ya ce: wani abu na ƙauri.

Kofi ne.
Na bar shi a kan wuta.