Akushi Ɗaya

Ni da Talle nono ɗaya muka sha.
Shekara arba'in da ɗoriya
hannayenmu na haɗuwa a akushi ɗaya,
tuwon dawa, miyar kuka,
shi ya gutsura ta gabas, ni ta yamma.

Ranar kasuwar Gujungu, mun sauke shinkafa,
sai ga rumfar masu awon jini
tsakanin 'yan buhu da mai facin keke.
Kyauta ne, in ji Talle, zo mu gwada.

Ma'aikaciyar, Tabawa sunanta,
ta ɗaura masa ƙyalle a damtse, ta matsa,
ta ce, naka lafiya lau.
Ta ɗaura mini. Ta yi shiru.
Ta kwance, ta ce in huta, ta sake ɗaurawa.

Na ce, baiwar Allah, ni ko ciwon kai ban sani ba.
Buhunan can, ni na ɗora su a amalanke.
Ta ce, ai hawan jini ba ya sallama.

Ta tambayi cimarmu, na lissafa:
gishiri, dunƙule uku a tukunya, kanwa a wake,
da yajin da nake barbaɗawa tun kafin in ɗanɗana.
Na ce, amma Talle ya fi ni lasa!

Wani jikin rariya ne, in ji ta,
gishiri ya shiga, ƙoda ta tace, ya bi fitsari.
Wani kuma tulu ne.
Ya riƙe gishirin, gishirin ya riƙe ruwa,
ruwan ya cika hanyoyin jini maƙil.
Ka san yadda gaɓa ke yi in ruwa ya fi ƙarfinta?

Na sani.
Bara ya ɓalle, ya kwashe mini rabin fadama.

Ka rage, ta ce, mako uku, ka dawo mu gani.

Delu ta koma kwashe tawa miyar kafin ta zuba,
ta ƙara daddawa, citta, tafarnuwa.
Daren farko lami,
kamar ruwan ɗauraye tukunya.
Na ci don yunwa,
a kwanona, can ƙarshen tabarma,
ina jin ƙarar lomar Talle a bayana.
Ba gishirin na fi kewa ba.

Da muka koma, allurar awon ta sauko,
ba can ƙasa ba, amma ta sauko.
Ta Talle na nan inda take, kamar turke.
Uwa ɗaya, gona ɗaya, rijiya ɗaya,
ashe kowa da irin ma'ajin da aka yi masa a ciki.

Jiya bayan magariba
Talle ya tura wa yara akushin,
ya jawo buzunsa, ya zauna kusa da ni,
ya sa hannu a kwanona ta gabas.
Ya tauna. Ya yamutsa fuska.
Wannan ai horo ne, in ji shi.

Ya sake gutsura.