Katin Baba Sallau

Bayan sadakar arba'in
muka buɗe akwatin ƙarfen Baba.
Ga hular reluwe da asu ya ci bakinta,
ga usur mai tsatsa, ga tuta biyu a nannaɗe,
can ƙasa kuma, cikin ambulan,
wani kati kore da ya koɗe kamar busasshen zogale.

An rubuta a kai:
mai wannan kati ya hau kowane jirgi,
ya sauka inda ransa ya so, ya sake hawa,
kwana talatin cur,
kada a tambaye shi ko sisi.

Na juya shi gaba, na juya shi baya.
Ko huda ɗaya babu.

Shekara ashirin da shida
yana tsaye inda titi ya gitta dogo,
ya tare masu keke, ya tare masu amalanke,
ya ɗaga ja, ya ɗaga kore,
taragai su wuce ta gabansa cike da fuskoki.
Da dare, hannunsa cikin tuwo,
sai ya jero mana tashoshi kamar mai tilawa:
Jogana, Zakirai, Ringim, Taura,
Gagarawa, Malam Madori, Birniwa,
ya ja numfashi, ya ce Nguru,
har mu ji ƙamshin bandar kifi a tsakar gidanmu na Fagge.
In ya juya kudu kuwa, sai barci ya ɗauke mu
kafin ya ƙetare gadar Jebba.

Na ɗauka duk ya taka su.

Iya Ladidi ta karɓi katin, ta shafa da ɗan yatsa.
Ta ce, ai watan da aka ba shi
watan da ƙyanda ta kwantar da kai ne.
Ya wanke rigarsa, ya ɗaure ƙunshi,
kai kuwa jikinka kamar garwashi.
Ya ce bari yaro ya buɗe ido tukuna.
Ka buɗe ido ranar ashirin da tara.
Ta yi shiru, sannan ta ce,
ubanka bai taɓa wuce Challawa ba.

An ce gani ya kori ji.
To shi da ji ya rayu,
kuma babu abin da ya kore shi.

Ranar Laraba na je tasha.
Awaki na kiwo tsakanin ƙarafa,
mai rake na gyangyaɗi a kan baro,
agogon bango ya tsaya a kan wata huɗu da rabi
ta shekarar da ban sani ba.
Yaron da ke bayan taga ya duba katin ya yi dariya,
ya ce, Alhaji, wannan ai ya girme ni.

Amma wani tsoho mai gadi, Ɗantani,
ya miƙo hannu, ya kai katin dab da hancinsa.
Ya ce, Sallau na mahaɗa?
Wanda ke ba jirgin dare hannu ko ba kowa a taga?
Ya shiga wani ɗaki, na ji ana jan durowa,
ya fito da abin huda tikiti, baƙi ƙirin,
ya tsaya ƙyam, ya gyara murya,
ya ce, fasinja, ina zuwa?

Na buɗe baki.
Sunayen nan duka suka taso lokaci guda,
suka cunkushe a maƙogwarona.

Ƙas.

Ɗan ƙaramin rami, ko ƙwayar gero ta fi shi.
Na ɗaga katin saitin yamma, na kanne ido ɗaya.
Ta cikinsa na hango dogo ya miƙe,
ya wuce gidajen kwano, ya wuce dalbejiya,
ya wuce inda Baba ke tsayawa.

Jirgi bai zo ba ranar.
Na zauna a benci har aka kira magariba.