Ragayar Inna Tasalla

A ɗakin Inna Tasalla akwai ragaya,
ita ta rataye ta shekarar da aka haife ni.
Bara sai ta yi ɗage kafin ta kai gare ta.
Bana ni take kira:
"Ɗanlami, sauko mini da ƙwaryar nan."
Ragaya ba ta ƙara sama ba,
Inna ce ta yi ƙasa.

Ba faɗuwa ta yi ba, kowa shaida ne.
Atishawa ce, da hantsi, tana cuɗa yumɓu,
sai wani abu ya ce ƙas a gadon bayanta
kamar an taka busasshen kara.
Mai ɗori ya zo daga Kantoga, ya lalube, ya yi tofi,
ya ce, "Ban ga abin ɗorawa ba."
Maƙwabta suka ce tsufa ne, rigar kowa.
Kwana arba'in tana juyi tana cizon leɓe.

Muka sayar da tunkiya a kasuwar Sara,
muka hau mota da asuba, matashi biyu a bayanta,
kowane rami da salatinsa.

A asibiti aka kwantar da ita rigingine,
aka ɗora ƙafafunta kan wani tudu mai laushi.
Wani hannun ƙarfe ya taso daga wajen ƙugu,
yana tafe a hankali, bai taɓa ta ba,
kamar inuwar gajimare kan gonar gero.
Ba allura, ba jini.
Kafin ruwan shayi ya tafasa an gama.

Likita Furera ta juyo mana da allo.
Ga ƙashin bayan mahaifiyata,
jere kamar kasake da aka ɗora kan juna,
biyu daga ciki sun lotsa.
"Nan da nan ne suka murƙushe.
Awo ya ba mu uku ƙasa da sifili."
Inna ta ce, "Ƙasa da babu?
Ni da ban taɓa kwana da bashin kowa ba?"

"Ƙashi rumbu ne, Inna.
Ana zubi da ƙuruciya, ana ɗiba da girma.
In al'ada ta ɗauke, ɗiba takan fi zubi."
Na tuna daren damina, akushi ɗaya, mu tara,
nonon da take juye mana ta ce ta ƙoshi.
Na sunkuyar da kai.
Na san mudun da na ɗiba.

Inna ta daɗe tana duban allon.
"Shekara hamsin ina ƙwanƙwasa tukwane.
Mai amo garau ta tafi kasuwa,
mai dasasshiyar murya ta zauna gida.
Yau ga abin da ya ƙwanƙwasa ni ba yatsa,
ya kuma faɗi gaskiya."
"Wadda ta zauna gida fa, jefar da ita ake?"
"A'a. Rami ake mata a lungu, a girke,
a zuba mata iri."
"To haka za mu yi," in ji likita.

Muka dawo da takarda da ƙunshi:
ƙwaya ɗaya duk Lahadi, da ruwa cikin moɗa,
kada ta kwanta sai ta jima.
Kindirmo, riɗi, zogale,
ƙananan kifi da ƙayarsu,
hantsi a kan fatar hannu.
Tulu da turmi, an yi sallama.

Na sassare dokin ƙofa da fartanya,
na cike ramin da ke hanyar makewayi,
na sa fitila inda duhu ke taruwa.
Ranar da na kwance ragaya na ƙara mata igiya
ta harare ni, ba ta ce komai ba.

Yanzu asusu take ginawa, a zaune, jingine da bango,
ƙanana, waɗanda ba su fi tafin hannu ba.
Jiya na ji ta ƙwanƙwasa ɗaya,
ta kai kunne,
ta miƙa hannu ta sauko da ƙwaryarta da kanta.