Katin da Na Saya a Ƙarƙashin Gadar Obalende

Ruwan Ikko ne ya koro ni ƙarƙashin gada,
wajen Baba Alawode mai shimfiɗar tsofaffin takardu:
kalandun da shekarunsu suka mutu,
kan sarki, rasiɗai,
hotunan auren da ba mai nema.
A nan na tsinto shi,
kati mai launin ruwan shayi.

Wai ganuwa ce.
Ga zanko, ga ƙofa,
amma ba tsaga, ba gidan gara, ba kashin ƙadangare.
Wace katanga ce damina ba ta taɓa sa wa hannu ba?
Katako aka shafa wa jar ƙasa
aka kafa a birnin Turawa,
don mai tikiti ya ga inda muke kwana.

A gindinta baduku na zaune,
fata a cinya, basilla a hannu.
Bayan igiya, mata masu lema sun sunkuyo
kamar masu taya rago.
Ƙasan hoton babu suna,
an dai buga: ɗan ƙasa a bakin aiki.

Na kai katin kusa da ido.
Ƙarƙashin rigar, safa ce a ƙafarsa,
safar ulu, mai kauri.
Mai hoto bai lura ba.
Ita kaɗai ce ba ta yi ƙarya ba a garin nan.

Kakata Tasalla ta sha ba mu labari:
ubanta Ilu ya hau jirgin ruwa daga bakin tekun nan,
wata shida yana ɗinki a gaban idanu.
Da fata ta ƙare,
ya ɗinka da rana, ya farke da dare,
jaka ɗaya, har sanyi ya shigo.
Ya dawo da kwat, da tari,
da wata ɗabi'a:
bai ƙara aiki yana fuskantar ƙofa ba.

Shi ne? Oho.
Kunnen dai irin namu ne.

Na juya bayan katin.
Wata ce ta rubuta wa gwaggonta,
Alawode ya karanta mini:
an yi ruwa, mun sha alewa, ƙafafuna sun kumbura.
Ko kalma ɗaya a kan mutumin.

Nawa, Baba?
Ya dube ni, ya dubi katin.
Ɗari biyar, in ji shi,
amma in naka ne, dubu biyu.
Na biya dubu biyu.
An sayar da shi sau nawa, ban sani ba,
wannan dai na fansa ne.

Danfo ya kawo ni Agege, rigata sharkaf,
shi kuwa a bushe, cikin leda, a ƙirjina.
A rumfata ta gyaran takalma
na samo ƙusa,
na rataye shi sama da keken ɗinki,
fuskarsa na kallon bango.

Masu kawo gyara suna tambaya, me ke ciki?
Nakan ce wani dattijo ne,
ya tashi aiki.